Man Kaɗe a Kunnen Yalwa

Kowace safiya majiya, 'yar na'urar ji da ke kunnen Yalwa, takan yi ɗan motsi, sannan muryar mahaifiyarta ta ce, "Tashi, 'yar lele, koko zai huce."

Su biyu ne a hawa na arba'in na wani dogon bene a birnin Sabon Tudu: Yalwa mai shekara tara, wadda aka haifa da raunin ji, da kakarta Iya Tabawa. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Mahaifiyar Yalwa suka rasa, shekara biyu ke nan.

Majiya na'ura ce kamar ƙwayar wake. Tana ƙara ƙarfin sauti, tana kuma adana muryar da ta fi sabawa da ita. Sanyi da laima ne ba ta jurewa. Ga shi tun da masana suka kafa injinan rage zafin birnin, abin ya wuce yadda suka auna, hunturu ya koma na ƙanƙara. Likita ya ce a riƙa goge majiyar, a ajiye ta a akwatin busarwa, kada a bari ta jiƙe.

Iya tana kiyayewa. Amma ranar da ta ga sanyi ya tsaga kunnen yarinyar har da jini, sai ta yi abin da uwarta ta saba yi mata. Ta narka man kaɗe a tafin hannu, ta shafe kunnuwan ciki da waje.

"Iya, kin mai da ni ƙosai."

"Yi shiru, ƙawata, ƙosai ya fi ki kyau."

Washegari muryar ta fara, ta shaƙe, ta ɗauke.

A shagon gyara, Injiniya Barau ya daɗe yana duba majiyar. "Mai ne ya shiga ma'ajiyarta, Iya, sanyi ya daskarar da shi, ta fashe. Zan sa mata sabuwa, za ta ji komai. Amma abin da ke cikin wannan ya tafi."

Iya ta ce, "Ɗan nan, ku da kuka juya yanayin gari guda?"

Barau ya ɗauko sabuwar majiya ya sa wa Yalwa.

A hanyar gida Yalwa ta rufe ido tana neman muryar a zuciyarta. Kalmomin suka zo, sautin bai zo ba.

"Iya, yaya muryar Umma take?"

Tsohuwar ta ce, "Ni ma idan kina makaranta... a'a, idan kin cire ta za ki wanka, nakan kara ta a kunnena."

Nan Yalwa ta gane cewa duk tsawon shekara biyun nan na'urar ce ke tuna muryar mahaifiyarta, su kuwa sun bar mata aikin har sun manta.