Saƙon da Ba Shi da Hatimi

Ina shanya wanki aka zo aka ce an tsinci gawar ɗana Auta a ƙasan benen ofishinsu. Kafin in isa magana ta zagaya, wai shi ya jefo kansa, har ya tura wa yayarsa saƙon ban kwana ta imel. Mutuwa zan iya haƙuri da ita. Wannan maganar ce na kasa haƙuri da ita.

Sufeton da aka ba binciken mai furfura ne, ba ya gaggawa. Ya tambayi yayar inda ta ga saƙon. Ta ce can cikin tarkacen saƙonnin banza, da jan gargaɗi a kansa.

"Saƙonninsa sun saba faɗawa can?"

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe."

Washegari ya je ofishin, wurin gwajin magunguna ne. Manaja ta ce Auta ya mayar da imel ɗinsu kan na'urorin haya na intanet, ya yi musu rajista. Yadda Sufeto ya fahimtar da ni, kamar hatimi ne. Saƙon da ya fito daga na'urar da ba ta cikin rajista, ba a yarda da shi.

Saƙon ban kwanan daga tsohuwar na'ura ya fito, wadda ke kulle a sito. Makullin biyu ne, na Auta da na abokin aikinsa da suke kira Gwani. Gwanin nan a gidana yake cin abinci, Mama yake ce mini.

Gwani ya rantse rabonsa da sito tun da aka canza na'urori. Ya ce ai Auta ne ya shiga ya tura.

"Tsohuwar tana cikin rajista?" in ji Sufeto.

"Tana ciki. Sai mako mai zuwa za a cire ta."

"Da safiyar ranar da ya mutu Auta ya cire ta da hannunsa. Shi ya san saƙonta ba zai sami hatimi ba. Kai ne ba ka sani ba."

Sai ya nuna masa rahoton da rajistar ke turo wa Auta kullum. Ashe an daɗe ana tura takardun gwaji na bogi da sunan kamfanin daga tsohuwar na'urar, a ranakun da Gwani ke aiki.

Gwani ya zauna a ƙasa. Ya ce Auta ya gano shi, ya ba shi zaɓi ya kai kansa wurin manaja. Suka hau sama yin magana, Gwani ya turo shi ƙasa, sannan ya shiga sito ya tura saƙon.

Da za a wuce da shi da ankwa ta gabana ya ce, "Mama." Na kau da kai.

Sufeto ya zo har gida, ya faɗa a gaban maƙwabta cewa ɗana bai kashe kansa ba.

Wayar Auta tana wurina. Rahoton nan har yanzu yana shigowa kowace safiya. Ban iya karanta shi ba. Ina dai sa ta a caji, in ta yi ƙara in ce, "Na ji, Auta."