Farfarar Kaka da Na'urar Gwangwani

A wata makarantar firamare a Faskari, akwai wata yarinya 'yar aji shida. Hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In ta ga tocila, sai ta kwance ta. In ta ga rediyo, sai ta leƙa cikinsa. Kanta na ja ƙwarai, sai dai akwai ta da garaje. Kafin ta gama wannan, hankalinta ya tafi wancan.

Wata rana Malama Zulfa, mai koya musu kimiyya, ta zo aji da kwamfutarta. Ta ɗora ta a kan tebur. Yara suka matso kamar za su shige ciki.

"Yau fim ɗin tarihi za mu kalla," in ji Malama. "Labarin wata mata ne da ta yi zamani tun kafin a haifi iyayenku."

Da Turanci ake bayanin, Malama na tsayarwa tana fassarawa. Matar 'yar fim ce, tun lokacin da hoto yake baƙi da fari. Mutane sun san ta da kyawun fuska. Amma in ta tashi daga wurin ɗaukar fim, sai ta koma ɗakinta ta zauna tana ƙirƙira. A lokacin yaƙi ta fito da wata dabarar aika saƙo ta iska. Saƙon ba ya tsayawa a tasha ɗaya. Tsalle yake daga wannan zuwa waccan, don kada abokan gaba su gane inda yake su tare shi. Ba a yaba mata ba sai da ta tsufa.

Yarinyar nan ba ta tsaya jin duk wannan ba. Abu biyu kawai suka shiga kunnenta: 'yar fim, kuma mai ƙirƙira.

"Malama, ni ma haka zan zama!" ta ce.

Malama Zulfa ta yi murmushi. "Allah ya yarda. Amma kin ji sauran bayanin kuwa?"

"Na ji, Malama," in ji yarinyar. Ba ta ji ba.

A bayan gidansu akwai 'yar gona. A nan Baba ya shuka dawar Kaka, wata farfara mai zaƙi. Kaka ce ta taho da irin daga ƙauyensu Tafoki lokacin da suka dawo gari. Zangarniya kaɗan ta iya ɗaurowa a bakin zanenta, kuma duka aka shuka. In ta bana ta lalace, irin ya ƙare ke nan.

Dawar ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki kuwa sun ji labari. Kaka ke gadi da safe. In yarinyar ta taso daga makaranta, sai ta karɓe ta. Aikin ba wuya: a zauna a inuwa, a riƙa jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, ana "Haa! Haa!"

Amma a wannan makon ake koyon wasan kwaikwayo a makaranta da la'asar, kuma an ba yarinyar fitowar likita. Ga gadi, ga wasa. Sai dabara ta faɗo mata.

Ta samo tsohon wilin keke. Ta yanka jarka ta yi masa fukafukai. Ta kafa shi a kan sanda a tsakiyar gona, ta rataya gwangwani kusa da shi. In iska ta juya wilin, sai wani ƙarfe ya bugi gwangwanin: kwal, kwal, kwal. Nan take tsuntsaye suka watse.

Yarinyar ta yi tsalle. "Na ƙirƙira!"

Kaka ta leƙo ta katanga. "Ke, mi ne ne wanga abu?"

"Na'ura ce, Kaka. Ita za ta riƙa yi mana gadi."

"To, ni dai ke na ba amana, ban ba ƙarfe ba. Ki zamna kusa, kin jiya?"

"Na ji, Kaka."

Kaka na shiga ɗaki, yarinyar ta zari mayafinta sai makaranta. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ko leƙa gonar ba ta yi. A ranta, aiki ya gama.

Jan-baki kuwa ba wawaye ba ne. Da farko sun ji tsoro. Da suka ga ƙarar iri ɗaya ce kullum, kuma ba ta taɓa kowa, sai suka saba. Har a kan sandar na'urar suke sauka su huta.

Wata la'asar yarinyar ta dawo tana rera waƙa. Sai ta tarar da Baba da Kaka tsaye a gona. Ta matsa kusa ta duba. Zangarniyoyin gefen gabas duk sun zama fanko. Na'ura kuwa tana ta kwal, kwal, kwal, ita kaɗai.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta riƙe wata zangarniya da ba ƙwaya a jikinta, tana shafawa.

"Uwata ta ba ni irin nan," ta ce a hankali. "Ita ma uwarta ta ba ta."

Da duka aka yi wa yarinyar, da ya fi mata sauƙi. Ta fashe da kuka.

"Ina kika tahi?" Baba ya tambaya.

"Makaranta, Baba. Wurin wasa. Na zaci na'urar ta isa."

"Kin gwada ta?"

"Ta kore su ranar farko."

"Ranar farko," in ji Baba. "To, kin gama wasa sai an girbe abin da ya rage. Wannan tarkacen kuma gobe zan cire shi."

"Baba, don Allah ka bar mini shi. Zan zauna a gonar, ba zan gusa ba. Amma ka bar ni in gyara."

Baba ya dubi Kaka. Kaka ta ce, "Bar ta. In dai tana nan zamne, ta yi ta ƙere-ƙerenta."

Da safe yarinyar ta je ta sami Malama Zulfa. Ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye laifinta ba. Ta ce a ba wata fitowar likitan. Sannan ta roƙi abu ɗaya.

"Malama, ki sake nuna mini fim ɗin. Wancan karon ban saurara ba."

Lokacin hutun tara suka zauna su biyu. Wannan karon yarinyar ta kasa kunne. Da aka zo wurin saƙon da ke tsalle, sai ta ce, "Tsaya, Malama! Me ya sa ba ya zama a tasha ɗaya?"

"Ke faɗa mini."

Yarinyar ta ƙura wa hoton ido. Can ta ce, "Don in ya zauna, za a gane shi. Malama, ai tsuntsayen nan gane na'urata suka yi!"

"To, me za ki yi?"

"Zan sa ta riƙa canzawa."

Tun daga ranar, kullum tana gona. Ta rataya kwalba, da murfin tukunya, da gwangwani mai tsakuwa, kowanne da irin ƙararsa. Ta zauna ta zuba ido. Wilin ya yi nauyi, ya ƙi juyawa. Ta rage kaya. Ya juya, amma kwalbar ta fashe. Ta share gilasan, ta sa tsohon faranti. Iska ta ɗauke, na'ura ta yi tsit, tsuntsaye suka dawo. Sai ta ɗaura mata doguwar igiya har inda take zaune, in ba iska ta ja da hannu.

Yatsunta suka yi kanta. Wata rana tana jiyo tafi daga makaranta, ana wasan da babu ita. Hawaye suka cika mata ido, amma ba ta saki igiyar ba.

Kowace rana sai ta sauya wa na'urar wuri, ta sauya abin da ke bugawa. Yau gabas, gobe kusa da katanga. Jan-baki suka rasa gane kanta. Su zo, su yi shawagi, su wuce. Kaka ma ta koyi jan igiyar na'urar, har tana cewa ta huta da ihu.

Ranar girbi, Baba ya yanke zangarniyoyin da suka tsira. Ba su cika dami ba, amma ƙwayarsu fara tas, manya-manya. Kaka ta auna su a hannu, ta yi hamdala.

"Iri ya samu," ta ce. "Har da na ba maƙwabta."

Malam Nata'ala, mai gonar kusa da su, ya leƙo yana kallon wilin. "Wa ya haɗa muku wannan? Ni ma ina so."

"Ɗiyata ce," in ji Baba. "Ita ta ɓata, ita ta gyara. Sai ka tambaye ta."

Yarinyar ta sunkuyar da kai don kunya, amma daɗi ya cika mata ciki.

Kaka ta zaɓi zangarniya mafi girma, ta miƙa mata.

"Ungo. Wannan taki ce. Ki rataye ta inda ɓera ba ya kai, baɗi ki shuka da hannunki."

"Kaka, ni da na kusa ƙarar da irin?"

"Ke ɗin. Yanzu kin san abin da kika riƙe."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Daga ranar ta koyi darasi: in an ba ka amana, kada ka tafi ka bar ta, kuma duk abin da ka ƙera, ka tsaya ka gwada shi har ka tabbata yana aiki.