Murfin Rijiya Yana Kai

Can da daɗewa, a wani ƙauye, wata yarinya ta gano dabarar saƙa wa rijiya murfin kara. In aka ce, "Ina murfin?" sai ta dafa goshi: "Yana nan a kaina."

Ta yi aure, yana kanta. Ta yi jika, yana kanta.

Ran nan jikar ta ɓace, ga takalminta a bakin rijiya. Tsohuwa ta kurma ihu, gari ya taru. Ashe yarinya barci take bayan damin karan da kakar ta ajiye tun bara.

Tsohuwa ta zube tana hamdala. Maƙwabciyarta ta dafa goshi, ta maƙale murya: "Yana nan a kaina!"

"Rufe min baki, miƙo igiya!" in ji tsohuwa.

Kafin yarinya ta farka, rijiya ta samu murfi.