Wayar Totur

Bakanike yana tattara sifanoni bayan sallar isha, sai ga wani mutum ya turo babur har bakin rumfa. Ko takunsa bai ji ba.

"Maigida, totur ɗin nan ya ƙi dawowa."

Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Bakanike ya haska tocila. Injin sanyi ƙalau, amma hannun totur a jiƙe yake da gumi. Ya kwance, ya zaro wayar. Tsatsa ta cinye ta saura silili biyu, an lafta mata baƙin mai don rufe ido.

Aikin hannunsa ne. Makon jiya wani ɗan acaɓa ya ce a sa masa sabuwa, ƙyuya ta hana Bakanike nemowa, ya lafta mai, ya rantse ya canza. Bayan kwana biyu babur ya kwashi mutumin ya maka shi da bango, nan take ya rasu. Kunya ta hana shi zuwa ko gaisuwa.

Ya kasa ɗaga kai. Hasken tocila na kan ƙafafun baƙon, babu inuwa.

"Ba faɗa ya kawo ni ba, maigida," in ji baƙon a hankali. "Ƙanena ne zai gaji babur ɗin. Wannan karon ka sa sabuwar."