Sadakin Karimatu da Fam ɗin Baba Mahamman

"Ni fa ko a rufe min ido, a kanga min takardar kuɗi a hanci, sai in faɗa muku ƙasar da aka buga ta!"

Baba Mahamman dillalin shanu ke nan, yana kishingiɗe a tsakar gidansa a unguwar Hausawa ta Garwa, a ƙasar Kamaru. Matarsa Dela ta ci gaba da tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Mutumin da jiya-jiya mai goro ya ba shi canji har da maɓallin riga a ciki, ya ƙulle a aljihu ya kawo gida!

"Fam ɗin Najeriya shi ne kuɗi," ya ci gaba. "Sefa kuwa akuya ce, igiyarta tana hannun Faransa."

'Yarsa Karimatu ta ajiye masa ruwa, ta ce a hankali, "Baba, ai Malam Hamidu ma haka yake cewa."

"Kada ki sake ambata min sunan yaron nan!"

Hamidu malamin lekol ne, wato makarantar boko. Shekara biyu yana neman Karimatu. Kullum bayan la'asar sai ya zo da wasiƙar da ya rubuta mata, da yake kuwa ba ta yi boko ba, shi zai buɗe ya karanta mata da bakinsa, yana tuntuɓe don kunya. Ita kuma ta karɓe takardar ta ɓoye cikin kwallarta.

Laifinsa ɗaya ne. Ran nan dattawa suna gardama a zauren Baba, ko ya kamata Kamaru ta buga kuɗinta na kanta. Aka ce malami ya sa baki.

"Gaskiyar Baba ne, igiyar sefa tana Faransa," in ji Hamidu. "Amma fam ma takarda ce. Ƙarfinta ɗaya, gwamnati ta ce da ita za a biya haraji. Ranar da ta ce ba ta karɓa, sai dai a naɗe tsire da ita."

Zaure ya kwashe da dariya. Shi ke nan! Washegari Baba ya aika wa iyayen Hamidu cewa sadaki fam talatin ne na Najeriya. Ko faranka ɗaya ya gani a ciki, an fasa.

Karimatu ta yini kuka, har idonta ya kumbura. Dela ta jawo ta jikinta. "Yi haƙuri 'yar nan. Ubanki ba mugu ba ne, dariyar ce ta tsaya masa a wuya."

Ana nan, farkon shekarar 1968, lokacin yaƙi na ci a Najeriya, Hamidu ya ji a rediyo an sauya takardun fam, an ba da 'yan kwanaki kowa ya kai tsofaffin. Ya san Baba yana tara su. Ko alli bai karkaɗe daga hannunsa ba ya hau keke.

"Baba, don Allah in kana da su a kai Yola da wuri. Pardon, ba raini ba ne..."

"Kai! Wayo za ka yi min? Ka kasa kawo sadaki, shi ne za ka kashe kuɗin ƙasa guda da bakinka? Fita min daga zaure!"

Wa'adi ya wuce, Baba yana nan a kan bakansa. Sai ga Goni mai canji na bakin kasuwa ya tare Hamidu yana ƙifta ido. "Malam, arzikinka ya zo. Ga tsofaffin fam nan jibge, ba mai so. Kawo kuɗin goro ka kwashi talatin. Tsohon nan da murna zai karɓa."

Da yamma Hamidu ya faɗa wa Karimatu shawarar Goni a ƙofar gida. Ta shiga murza gefen mayafinta.

"Da gobe ma an ɗaura aure," ya ce.

"Na sani, Malam. Wallahi na fi ka matsuwa." Hawaye ya zubo mata. "Amma sadakin nan nawa ne, ba na Baba ba. Kana so ka aure ni da abin da ka san ya mutu? Kuma kullum ka gaishe shi kana sane ka cuce shi?"

Hamidu ya sunkuyar da kai. "Ki yafe ni. Zan jira."

"Ni ma zan jira. Ka dai ci gaba da kawo wasiƙa."

Ya sayar da keken, ya sayar da rediyon. Da aka yi hutun lekol ya bi motar gyaɗa zuwa iyaka, ya ƙarasa Yola a ƙafa, ya dawo ya rame, da sababbin fam talatin cif a cikin ambulan.

Ranar Juma'a zaure ya cika, har waje. Liman ya zauna, wakilin ango ya miƙa ambulan. Baba ya zaro takarda ɗaya, ya ɗaga ta sama, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ku shaida! Jabu ne! Ni za a kawo wa jabu? Ku tsaya ku ga kuɗi!"

Ya shiga gida fuuu, ya fito rungume da ƙaton gwangwanin madara, ya zazzage a kan tabarma. Tsofaffin fam, tuli guda.

Goni ya leƙo daga baya, ya riƙe baki. "Subhanallahi! Baba, waɗannan ai tun Janairu suka rasu. Na yaron su ne masu rai. Ni da kaina na ce ya sayi irin naka a kuɗin goro ya kawo maka, ya ƙi."

Baba ya dubi tulin, ya dubi Hamidu. Hamidu ya matso ya durƙusa, ya shiga tattara takardun yana mayarwa cikin gwangwani, don kada a ci gaba da kallo.

"Ba kai kaɗai ba ne, Baba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Manyan 'yan kasuwa ma ta ci su."

Liman ya yi gyaran murya. "Malam Mahamman, ka bayar?"

"Na bayar," in ji Baba, da wata 'yar murya kamar ta ɗan tsako.

Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi a cikin gida, Karimatu ta kifa fuska a cinyar uwarta tana kuka tana dariya. To 'yan'uwa, kuɗi alkawari ne kawai, mai shi yana iya janyewa da safe ɗaya. Ku nemi mutumin da ba ya janye nasa, ko da haƙurin zai kai shi Yola a ƙafa.

Ana cikin rabon goro sai muryar Dela ta ratso zana, tar, kowa yana ji.

"Malam! Wai da me ka sayi takardun nan ne? Ina shanuna uku da ka ce suna kiwo a garin Gidar?"

Baba Mahamman ya waiga yana neman takalminsa.