Ranar da Nuala Ta Juya Zobe

Ruwa ake tsugawa ranar da Fintan ya fara shiga shagon burito na bakin ƙofar jami'a a Galway, ƙasar Ireland. Da layi ya zo kansa, sai baki ya mutu.

"Bawan Allah, kaza ko naman sa? Mutane na jira," in ji Nuala, 'yar mai shagon, tana naɗe shinkafa da wake cikin faffaɗan burodi.

Shi kam hannunta yake kallo. Zoben Claddagh ne, na gargajiyar garin mai siffar zuciya, a hannunta na dama, tsinin zuciyar da ke jikinsa na kallon waje. Duk ɗan garin nan ya san ma'anar: ba ta da kowa.

Kafin zangon karatu ya ƙare soyayya ta ƙullu: tana kiransa Sarkin Shiru, shi kuma yana ce mata Barkonona. Amma babanta Malachy ya ce sam.

"Ɗalibi? Su ci, su karɓi digiri, su hau jirgi. Yayarki har yau tana jiran nata."

Sai Fintan ya samu aiki a Toronto, can ƙasar Kanada. Ya yanke ba zai je ba, ya taho ya gaya mata. Daga bakin ƙofa ya hango Dermot, mai kawo musu nama, riƙe da hannunta yana murmushi. Ga zoben ya juya, tsinin zuciyar na kallon ciki: an yi kamu.

Ni abin da ke ba ni haushi da samarin garin nan ke nan, tambaya ɗaya ta gagare su! Ya juya ya tafi, sai ya aika mata saƙo:

"Na ga zoben. Allah ya sa alheri. Asabar zan wuce Toronto."

"Sarkin Shiru, me kake nufi? Don Allah ɗauki wayata."

Bai ɗauka ba.

"Ban faɗa miki ba?" in ji Malachy. Ta koma bakin aikinta. Amma yarinyar da tun tana ƙarama naɗinta bai taɓa fashewa ba, yanzu duk buriton da ta kama sai ya yage, wake ya zube. Uban yana kallo, zuciyarsa na ciwo.

Ranar Asabar da hantsi ya cire rigar aiki ya nufi tasha. Ya tarar Fintan har ya sa jakarsa a motar filin jirgi.

"Kai, sakarai! Zo nan. Ƙarfen gasa nama ne ya ƙone ta, Dermot yake duba mata. Zoben kuwa don kai ta juya shi, ni da ita har faɗa muka yi a kai. Ka hau ka nuna na yi gaskiya, ko ka zo ka ƙaryata ni."

Direba ya danna oda. Fintan ya fizgo jakarsa ya zuba da gudu.

A shagon, layi ya bi kamar kowa, yana haki.

"Kaza ko naman sa?" ta ce, kai a sunkuye.

"Barkonona, hannunki na hagu, na zoben aure, na zo nema. Ki yafe mini."

Ta ɗago, ido jawur. "Da ka tambaye ni, bakinka zai ciwo ne?"

Ta dai miƙa masa hannun, ɗalibai suka ɗau shewa.

Da bazara aka ɗaura aure. A coci Fintan ya sa mata zoben a hagu, zuciyar na kallon ciki. Malachy ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. Ban taɓa jin daɗin shan kaye kamar yau ba."