Jinkar Ɗakin Inna Atu

Bayan an samu mulkin kai, Malam Ladan ya kafa ƙungiyar aikin gayya a makarantar Kebbe. Duk Lahadi yara sukan share bakin rijiya, ko su gyara wa tsofaffi danga. Ya naɗa wani yaro shugaba, don yana da ƙwazo.

Sai dai yaron nan akwai baki! Wanda ya makara, rago ne. Wanda ya gaji, ya sa masa suna. Wani ɗan siriri mai suna Bube kuwa, Sauro yake ce masa, har sunan ya bi shi kasuwa. Sannu a hankali yara suka dinga zamewa. Shi kuwa ko a jikinsa, wai ragwaye ne suka tafi.

Ran nan iska ta yaye rufin ɗakin Inna Atu, wata tsohuwa da ba ta da kowa. 'Yan tsirarun da suka rage suka haɗa sabuwar jinka a ƙasa. Saura a ɗaga ta a ɗora. Sai ga hadari ya taso baƙi ƙirin. Manya duk suna gona, ga ɗan geron da ya rage wa tsohuwa a cikin ɗakin.

Suka kama, suka yunƙura. Jinka ko motsi. Inna Atu ta dubi sama, idonta ya cika da hawaye.

Yaron ya ruga wurin Malam, ya roƙe shi ya tilasta wa yara su fito.

"Ba a yin gayya dole," in ji Malam. "Wa ya kore su?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Malam."

"To, kai za ka kira su."

Yaron ya fara da gidan su Bube. Aka yi tsawa.

"Mi Sauro ka iya ɗagawa?" in ji Bube.

"Na yi maka laifi, Bube. Ka yafe mini. Geron Inna zai jiƙe."

Sai Bube ya fito. Suka bi gida gida, yaron yana ba da haƙuri. Wasu suka ƙi, amma da yawa suka biyo su. Malam ma ya zo ya sa kafaɗa.

An fara yayyafi suka ɗaga jinka, ta yi tangal-tangal, ta zauna daram. Ruwa ya kece, gero bai jiƙe ba. Inna Atu ta yi ta sa musu albarka.

Tun daga ranar yaron ya gane cewa wanda ya zo taimako don Allah, da godiya ake riƙe shi, ba da zagi ba. Ƙungiya kuwa ta sake cika.